Anjeloniya: Shukar Ado Mai Jure Zafin Ƙasarmu

 A wannan shafi na noma mun saba yin bayani a kan abin da ke cika rumbu da tukunya. A wannan fitowa za mu yi magana a kan fure. Wani zai ce, ina ruwan mai neman abin tuwo da fure? Tambayar tana kan hanya. Amma ku dubi gaban majami'unmu na ƙauye. Yawanci furannin roba ne da aka sayo daga birni da kuɗin baiko. Bayan 'yan watanni ƙura ta rufe su, launinsu ya koɗe, sai a sake sayen wasu don Kirsimati, Ista ko ɗaurin aure. Waɗanda suka gwada shuka furanni masu rai kuwa, da yawa sun karaya, domin irin da suka samo na ƙasashen sanyi ne, da bazara ta shigo sai ya ƙone.

Akwai wata shuka da ake kira anjeloniya wadda zafin rana ba ya kashe ta. Ba ta cin ruwa da yawa, tana fure watanni masu yawa a shekara, kuma daga tushe ɗaya ana iya samun wasu masu yawa ba tare da an sake kashe ko kwabo ba. Wannan bayani domin zumuntar mata ne, da matasa, da malaman makarantar Lahadi, da duk mai ɗan fili a ƙofar gida.

Wace irin shuka ce?

Asalin anjeloniya daga ƙasashe masu zafi ne na nahiyar Amurka. Danginta sun kai kusan iri 30, suna fitowa a daji tun daga Meksiko har zuwa Ajantina, da yawansu kuma a arewa maso gabashin Burazil, yankin da ke da gajeriyar damina da dogon rani kamar namu. Masana biyu, Humboldt ɗan Jamus da Bonpland ɗan Faransa, waɗanda suka zaga nahiyar Amurka daga 1799 zuwa 1804, su suka sa mata suna a littattafan kimiyya, daga sunan da mutanen wurin ke kiranta. Wadda aka fi shukawa a lambu ita ce Angelonia angustifolia, ta Meksiko da tsibiran Karebiyan.

Ga yadda za ku gane ta. Tsawonta yakan kai santimita 30 zuwa 60, wato daga ƙaurin babban mutum zuwa gwiwarsa. Tana tsayawa a miƙe da rassa da yawa daga gindi. Ganyenta siriri ne mai tsini, bakinsa da 'yan tsage-tsage kamar zarto. Idan ka murza shi za ka ji ɗan danƙo a yatsa da ƙamshi mai daɗi. Furannin ƙanana ne, ba su fi farcen babban yatsa ba, suna jeruwa a saman reshe kamar zangarniya, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. Akwai mai launin shunayya, akwai shuɗi, akwai fari, akwai ruwan hoda. Kowane fure yana kama da ɗan baki a buɗe.

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, tana mutuwa kowace shekara, sai an sake shukawa. A wurinmu kuwa tana rayuwa shekara da shekaru idan ana kula da ita.

Abin da ba za ta yi muku ba

Gara mu faɗa tun da wuri domin kada wani ya yi asarar ƙarfinsa. Anjeloniya ba abinci ba ce, ba kuma magani ba ce, don ado ake shuka ta. Kada ta ci filin kuɓewa, alayyafo ko tumatir, kada kuma ta sha ruwan da ya kamata a ba su.

Masu kiwon zuma kuma kada su shuka ta da fatan samun zuma. Furenta ba ruwan zaƙi yake bayarwa ba kamar yawancin furanni, wani ɗan mai yake fitarwa, wanda wasu irin ƙudan zuma na daji a nahiyar Amurka ke kwasa su ciyar da 'ya'yansu. Su ne ke yi mata barbara a can, kuma babu su a Afirka. Saboda haka kada ku dogara ga tara ƙwayar iri daga lambunku. Hanyar da ta fi tabbas ita ce dasa reshe.

Zaɓen wuri da gyaran ƙasa

Ku zaɓi inda rana ke bugawa aƙalla awa 6 a yini. Idan aka dasa ta a ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro, za ta yi tsawo ta sirance, ta kwanta, furen kuma ya yi kaɗan. A wurare masu tsananin zafi irin su Sakkwato, Maiduguri da Yola, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, ya fi kyau ta sami ranar safe da ta tsakar rana, bango kuma ya kāre ta da yamma. Gefen gabas na ginin majami'a ya dace da wannan.

Kada ku dasa ta daidai inda ruwan kwano ke zuba daga rufi. Ruwan zai karya rassan ya tone saiwar. A bar kamar taku biyu daga bango.

Ƙasar da take so ita ce mai laushi wadda ruwa ke ratsawa ya wuce. Tana jure ruwan damina, amma idan ruwa ya kwanta a gindinta kwana da kwanaki, saiwar za ta ruɓe. Ga gwaji mai sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe akwai sauran ruwa a ciki, wurin laka ne, sai a ta da kunya mai faɗi, tsayinta kamar taƙi ɗaya, a gauraya ƙasar da yashi da taki. Idan wurin jigawa ne wanda ruwa ke tserewa nan da nan, a ƙara taki da yawa domin ya riƙe laima.

Fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 ya ishi ikkilisiya ta fara. A zuba masa bokiti 3 ko 4 na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sarai, a juya shi da fartanya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya yi watanni a juji kafin a yi amfani da shi. Kada a zuba tokar murhu. Anjeloniya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa tana kashe wannan tsamin, sai ka ga sababbin ganye sun zama rawaya, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore.

Kafin a dasa ko ɗaya, a yi shinge. Darnin kara ko ƙaya ya isa. Awaki, aladu da kaji ba su san ranar Lahadi ba.

Yadda ake samun iri daga reshe

Da farko a nemi tushe ɗaya ko biyu masu lafiya. A tambayi masu sayar da furanni a bakin titi a birane irin su Jos, Kaduna da Abuja, ko masu kula da lambun makaranta, asibiti ko otal. Ba kowa ya san sunan ba, saboda haka a tafi da kwatancen da muka bayar a sama, a murza ganye a ji ƙamshin. A dubi bayan ganye, kada a sayo mai ƙwari.

Bayan tushen ya zauna ya yi rassa, sai a bi waɗannan matakai:

1. Da sassafe a yanki kan reshe mai taushi wanda bai yi fure ba, tsawon santimita 8 zuwa 10, kamar tsawon ɗan yatsa. A yi amfani da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi da tsabta, a yanka daf da ƙarƙashin gaɓa, wato inda ganye ke fitowa.

2. A cire ganyen ƙasa, a bar huɗu ko shida a sama. Idan akwai ƙullin fure a kai, a tsinke shi domin ƙarfin reshen ya tafi ga yin saiwa.

3. A tara ledojin fiya wata ko gwangwanayen madara, a huda gindinsu. A cika su da yashin rafi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Wannan ma hanya ce ta rage ledojin da ke yawo a harabar majami'a.

4. A huda rami da tsinke, a sa reshen har gaɓa biyu su nutse, a danne ƙasar a hankali, a yayyafa ruwa.

5. A ajiye su a inuwa mai haske inda iska ba ta bugawa. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, ƙasar ta kasance da laima amma ba caɓi ba.

Cikin mako biyu yawancinsu za su yi saiwa. Alamar ita ce sabon toho a sama. Daga nan a riƙa fitar da su rana kaɗan-kaɗan, yau awa ɗaya, gobe biyu, har mako guda. Ana kuma iya sa reshen a kwalba mai ruwa har saiwa ta fito, amma a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu domin kada sauro ya hayayyafa a ciki. Ba duka ke kamawa ba, don haka in ana bukatar 30 a yanki 40.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne farkon damina, sa'ad da iska ke da laima. A hunturu sanyi da busasshiyar iska suna sa reshe ya bushe kafin ya yi saiwa.

In an sami ƙwayar iri ta fakiti

Tun shekarun 2000 kamfanonin iri suna sayar da anjeloniya ta ƙwaya, irin wadda ake kira Serena. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai kuma tana bukatar haske kafin ta tsiro. A barbaɗa ta a kan ƙasa mai laushi a cikin kwano ko kasko mai huda, a danna ta kaɗan da tafin hannu, kada a rufe ta da ƙasa. A jiƙa ta ta wurin tsoma gindin kwanon a ruwa, domin in aka zuba daga sama ƙwayar za ta bi ruwa. Takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin fakiti haɗin aure ne na kamfani, 'ya'yan da ya haifa ba lallai su yi kama da uwar ba. Reshe kuwa kullum yana ba da launin uwarsa.

Dashe

A yi dashe da yamma, ko ranar da hadari ya rufe rana. A bar santimita 30 tsakanin tushe da tushe. A filin mita 1 da mita 3 za a sami layi 3, kowane layi tushe 10, duka 30. A yaga ledar a hankali kada ƙasar saiwar ta watse, a binne daidai zurfin da take a cikin ledar, a ba ta ruwa sosai. Bayan mako biyu a tsinke kan kowace shuka da farce. Yin haka zai sa ta fitar da rassa da yawa daga gefe maimakon sanda ɗaya. Wata ɗaya da rabi zuwa biyu bayan dashe za a fara ganin fure.

Ban ruwa da taki

A mako biyu na farko a ba ta ruwa kullum in ba a yi ruwan sama ba. Bayan ta kama, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake ba ta. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In akwai sanyin laima, a bari sai gobe.

A lokacin rani, filin da muka kwatanta yana bukatar kamar lita 75 a mako, wato kusan jarka 4 mai lita 20, a raba shi sau biyu ko uku. A bazara a ƙara kaɗan. Ban ruwa mai zurfi jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yana sa saiwa ta nutsa ƙasa. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba, da safe ko da yamma.

Inda ruwa ke da wuya, ruwan wanke hatsi, ganye ko ɗauraye kwanuka ya isa. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa yana ɓata ƙasa, kada a zuba shi. A rufe gindin shukar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa domin laima ta daɗe, amma kada abin ya manne wa karan, a kuma riƙa dubawa saboda gara.

Game da taki, cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a gindin kowace shuka bayan wata biyu ya wadatar. Mai takin zamani na NPK 15-15-15 ya ba kowace shuka rabin murfin kwalbar lemo sau ɗaya a wata, ya binne shi nesa kaɗan da kara, ya bi da ruwa. Kada a sa yuriya. Za ta yi ganye shar, fure kuwa babu.

Datsewa

Ba a bukatar tsince busassun furanni ɗaya-ɗaya, da kansu suke zuba. Amma bayan wata uku ko huɗu tana fure, shukar takan yi tsawo ta fara kwanciya, furen ya ragu. Sa'an nan a sa almakashi a datse ta rabi, a ba ta taki da ruwa. Cikin mako uku zuwa huɗu za ta sake cika.

Da wannan za ku iya tsara lokacin furenku. In kuna so gaban majami'a ya yi kyau a Kirsimati, ku datse a farkon Nuwamba. Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, don haka a datse kamar mako shida kafin ranar. Kada a datse fili duka rana ɗaya. A yi rabi yanzu, rabi bayan mako uku, domin kada a rasa na yanka.

Bayan shekara biyu gindin yakan zama itace, furen ya yi kaɗan. Kafin lokacin a riga an dasa sababbin rassa daga gare ta domin su maye gurbinta.

Hunturu

Sanyi ne ya fi damun anjeloniya, ba zafi ba. Idan sanyin dare ya sauka zuwa digiri 10, sai ta daina girma, ganyenta na iya yin duhu. 'Yan'uwanmu na tudun Jos da Mambila, inda ƙasa ke da tsayi, za su ga haka a Disamba da Janairu. Ba mutuwa ta yi ba. A rage ruwa, a daina sa taki, a kafa zana ta wajen arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa. A can kuma a yi datsewar Kirsimati tun tsakiyar Oktoba, domin sanyi na jinkirta toho. Da zafi ya dawo za ta farfaɗo.

Ƙwari da cuta

Ba ta cika ciwo ba, amma akwai abu uku da za a lura da su.

Na farko darɓa da farin ƙuda, waɗanda ke maƙalewa a bayan ganye da kan toho suna tsotse ruwan shuka. A daka 'ya'yan dogon yaro busassu rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, a tace da ƙyalle, a narkar da ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda. Babu dalilin sayen maganin ƙwari mai guba don furen da yara za su taɓa.

Na biyu farin gari-gari a kan ganye kamar an barbaɗa toka. Cunkoso da rashin iska ke kawo shi. A cire rassan da suka kamu a ƙone su, a rage cunkoson.

Na uku ruɓewar saiwa. Idan shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe, kada a ƙara mata ruwa. A tumɓuke ta a duba. In saiwar ta yi baƙi tana wari, a yar da ita nesa, a buɗe wa ruwa hanya a gefen kunyar.

Yankan fure don sujada

A yanka ranar Asabar da yamma ko Lahadi da sassafe. A zaɓi reshen da rabin furanninsa na ƙasa suka buɗe, a tsoma shi nan take cikin bokitin ruwa. A cire ganyen da zai nutse a ruwa. Kwalba, tulu ko ƙaramar tukunyar ƙasa ta isa. In ana sauya ruwan bayan kwana biyu kuma an ajiye a inuwa, yakan yi mako guda ko fiye. Bayan sujada ana iya kai shi ga marar lafiya, mai jego ko gidan da aka yi rashi. Kada a bar ruwa a tukunya daga wannan Lahadi zuwa waccan, saboda sauro.

Za a iya samun kuɗi da ita?

Riba ta farko ita ce kuɗin furen roba da ya zauna a asusun ikkilisiya. Ta biyu ita ce sayar da dashe a leda. Ikkilisiyoyin da ke kusa da gari ko babbar hanya za su iya samun masu saye a makarantu, ofisoshi, sababbin gidaje da wasu majami'u. Waɗanda ke nesa da gari kada su sa rai da yawa, domin a kasuwar ƙauye mutum zai sayi barkono kafin ya sayi fure. Ku nemi mai saye tukuna kafin ku cika leda ɗari. Ku fara da kaɗan, ku rubuta abin da kuka kashe da abin da ya shigo, ku karanta shi a gaban taron zumunta. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi kashe lambun majami'a ba rana ba ce, rashin mai kula ne. Aikin kowa ba na kowa ba ne. Dattawa su naɗa mutum biyu da sunansu, a rubuta ranakun ban ruwa a liƙa a bango, a raba wa azuzuwan makarantar Lahadi layi-layi. Yaron da ya koyi dasa reshen fure a leda ya koyi aikin da zai yi da zogale, rogo da sauran itatuwa gobe.

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana cewa aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta. Muna roƙon kowace ikkilisiya da ta yi nasara ta ba maƙwabciyarta rassa goma kyauta a farkon damina mai zuwa, ta kuma aiko mana da labari ta hannun ma'aikacinmu na yankinku. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku. Amin.